Abokin wasanka ya ce 4NT, me yake nufi? Yadda ake warware tayi mai harshen damo a wasan Bridge

Yau wasan waya za mu taɓa, amma ba irin wanda ake harbe-harbe ko tseren mota ba. Wasan karta ne da ake kira Bridge, wanda na fara bugawa a manhajar Bridge Base Online saboda ina son ganin yadda aka rubuta kwamfutar da ke wasa da mutane a ciki. Kod na je kallo, sai wasan ya riƙe ni. Kafin wani ya ce caca ce: ba kuɗi ake zubawa ba, maki ake ƙirgawa, har ma an saka shi cikin gasar wasannin nahiyar Asiya ta 2018 a Jakarta.

Wani dare manhajar ta haɗa ni da wani mutum da ban sani ba, ban ma san ƙasarsa ba. Ana cikin wasa ya danna 4NT. Na zauna ina kallon fuskar waya kusan minti ɗaya, domin wannan tayin ma'ana biyu gare shi, kuma amsar da ta dace da ɗaya ba ta dace da ɗayar ba. Na zaɓi amsa mafi muni, muka faɗi. A kan wannan hannun zan gina bayanin yau, amma sai na fara shimfiɗa wa wanda bai taɓa buga wasan ba.

Wasan a taƙaice

Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Karta 52 ake rabawa, kowa ya samu 13. Iri huɗu ne: ♠ da zan kira mashi, ♥ zuciya, ♦ daiman, sai ♣ ganye. A kowane zagaye kowa zai ajiye karta ɗaya, mafi girma ta cinye, don haka zagaye 13 ake yi.

Kafin a fara ajiye karta akwai ciniki, kamar gwanjo. Kowa yana yin tayi: lamba daga 1 zuwa 7, haɗe da irin da yake so ya zama mai yanka sauran, ko kuma NT, wato babu iri mai yanka. Shida ake ƙarawa a kan lambar. Wanda ya ce 4♠ ya ɗauki alkawarin shi da abokinsa za su ci zagaye 10 da mashi a matsayin mai yanka. Dole kowane tayi ya ɗara na baya, kuma jerin girman shi ne ♣, ♦, ♥, ♠, NT. Idan mutum uku suka ce fas a jere, tayin ƙarshe ya zama kwangila. Wanda ya yi tayin 6 ya ci zagaye 12 ya yi ƙaramin silam, 7 kuwa babban silam ne, kuma nan ne makin yake da tsoka.

Ƙarfin hannu ma ƙirga shi ake yi: as (A) maki 4, sarki (K) 3, sarauniya (Q) 2, jak (J) 1. Duka kartar maki 40 ne. Silam a NT yana son kusan 33 tsakaninku.

Me ya sa ake samun harshen damo?

Nan ne abin ya ja hankalina a matsayina na mai haɗa manhaja. Lamba 7 sau iri 5 ya ba da tayi 35. Ƙara fas, da ninki, da ninkin ninki, kalmomi 38 ke nan. Su ne kaɗai harshen da aka yarda ka yi magana da abokinka da shi. Hannun karta 13 da za a iya raba maka kuwa ya kai iri 635,013,559,600. Ka ga kamar a ce ka bayyana hoto mai nauyin megabait goma da saƙon tes mai harafi ɗaya. Ga shi duk tayin da ka yi yana cinye waɗanda ke ƙasa da shi, ba za a sake amfani da su ba.

Dabarar da 'yan wasa suka samo ita ce a ɗora wa tayi ɗaya ma'ana daban-daban gwargwadon abin da ya gabace shi. A 1933 wani ma'aikacin inshora a birnin Indiyanafolis na Amurka, Easley Blackwood, ya fito da tsarin da 4NT ba ya nufin "mu buga 4NT", sai dai "as nawa gare ka?". Amsa: 5♣ babu ko huɗu, 5♦ ɗaya, 5♥ biyu, 5♠ uku. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wanda ake rubutawa RKC, inda ake ƙirga manyan karta biyar: as huɗu da sarkin iri mai yanka. A salon da ake kira 1430, 5♣ ɗaya ne ko huɗu, 5♦ uku ko babu, 5♥ biyu ba tare da sarauniyar mai yanka ba, 5♠ biyu tare da ita.

Amma tsohuwar ma'anar 4NT ba ta mutu ba. Idan ka buɗe da 1NT abokinka ya tsallaka kai tsaye zuwa 4NT, kusan kowa ya yarda gayyata ce: "idan hannunka na sama-sama ne je 6NT, idan na ƙasa ne tsaya nan." Kalma ɗaya, aiki biyu. Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar waya da saba ya san wannan ciwon: ɓangare ɗaya ya aiko lamba yana nufin naira, ɗayan ya karanta ta a matsayin kobo, kuma babu wanda ya ga saƙon kuskure sai da ɓarna ta auku.

Hannun da ya kayar da ni

Ga abin da nake riƙe da shi:

♠ K 8 4
♥ A Q 6
♦ K J 7 3
♣ Q 9 5

Maki 15. Na buɗe da 1NT, wanda a tsarin da aka fi bi yake nufin 15 zuwa 17 da hannu mai daidaito. Abokina ya ce 2♥. Wannan ba zuciya yake nufi ba, umarni ne cewa in ce 2♠ domin yana da mashi aƙalla biyar. Ana danganta wannan dabarar da Oswald Jacoby, kuma amfaninta shi ne hannun da ya buɗe ya zama shi ke buga kwangilar a ɓoye. Na ce 2♠. Sai ya ce 4NT.

Fassara ta farko: yana da mashi biyar daidai, maki 16 ko 17, hannu mai daidaito, yana gayyatata silam, kuma ya bar mini zaɓi tsakanin mashi da NT. Haka yawancin ƙwararru suke buga shi. Fassara ta biyu: a wurinsa mashi ya riga ya zama mai yanka tunda na furta shi, yanzu manyan karta yake tambaya.

Na tuna abin da na karanta, na ce ai gayyata ce, ni kuma 15 gare ni, mafi ƙaranci. Na danna fas. Da ya shimfiɗa kartarsa sai ga wannan:

♠ A Q J 9 6 2
♥ K 4
♦ A Q 5 2
♣ 3

Abokan hamayya suka fito da ganye, suka kwashe zagaye biyar a jere ina kallo. Alkawarin 10 muka ɗauka, muka tashi da 8, aka rubuta mana asarar maki 100. Da 6♠ muka buga, ganye ɗaya kawai za mu bayar, mu yanke na biyu, sauran duk namu ne: mashi shida, zuciya uku, daiman har da rara. Maki 980 ke nan. Ya rubuto mini alamar tambaya guda uku ya fice daga teburin.

A littafi ni ne mai gaskiya. Amma ba littafin ne ke zaune a gabana ba, mutum ne, kuma ban tsaya na tambayi kaina wane littafi shi ya karanta ba.

Yadda ya kamata in yi tunani

Tambaya ta farko ba "me 4NT yake nufi?" ba ce. Ita ce: wace hanya kuma yake da ita da bai bi ba? Akwai wata yarjejeniya da ake kira Texas, inda mai mashi shida ko fiye yake amsa 1NT da 4♥, mai buɗewa ya ce 4♠, daga nan 4NT ya zama tambayar manyan karta ba tare da wata shakka ba. Idan ku biyun kuna buga Texas, to wanda ya bi ta 2♥ sannan ya ce 4NT ya bar waccan hanyar da gangan, don haka gayyata yake yi. Ma'anar tayi tana fitowa ne daga tayin da aka ƙi yi, ba daga shi kaɗai ba.

Mutumin nan kuwa a shafin bayanansa ya rubuta RKC 1430, bai ambaci Texas ba. Na gani tun farkon zama, ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Wanda ba shi da Texas, ta ina zai tambayi manyan karta idan ba ta nan ba? Wannan kaɗai ya isa ya karkatar da ni zuwa fassara ta biyu.

Tambaya ta biyu ita ce wadda na fi so mai karatu ya riƙe, domin tana aiki ko da ka kasa gano nufinsa. Ka jera amsoshin da kake da su, ka auna kowacce da fassarorin biyu, ka duba wacce ce ba ta kashe ku idan ka yi kuskure.

Fas: idan gayyata ce, babu laifi. Idan tambaya ce, ka tsayar da mota a tsakiyar titi, kun rasa silam, kuma mai yiwuwa kuna cikin kwangilar da ba ta da kariya a iri ɗaya, kamar yadda ta faru da mu. Ba a gyara fas, ciniki ya ƙare ke nan.

5♠: idan gayyata ce, wannan ce amsar da ta fi kyau, "hannuna ƙarami ne amma ina da mashi uku." Idan tambaya ce, na ce masa ina da manyan karta biyu da sarauniyar mashi. Biyun gaskiya ne, ♠K da ♥A, sarauniyar ce ƙarya. A wannan hannun tana wurinsa, da zai gane wani abu ya karkace. A wani hannun kuwa zai iya hawa har 7♠ yana dogaro da sarauniyar da ke hannun abokan hamayya.

5♥: idan tambaya ce, amsa ce daidai ba ragi ba ƙari. Idan gayyata ce, zai ɗauka na karɓa ina nuna manyan kartata a hanya, mu tsinci kanmu a 6♠ da maki 31 ko 32 da mashi takwas tsakaninmu. Silam ne mai ɗan rauni, amma irinsa yana shiga sau da yawa. Kuma da wuya ya bar ni a 5♥, tunda babu wanda ya nuna zuciya a cikinmu.

A ganina 5♥ ce amsar wannan daren. Wani zai ce 5♠, kuma ba zan yi dogon musu da shi ba idan abokin nasa sananne ne mai bin tsarin ƙwararru. Wadda ba ta da mai kare ta ita ce wadda na zaɓa. Lura kuma cewa da shafinsa bai ce RKC ba, da fassara ta uku ta shigo, wato tsohon Blackwood, inda 5♠ yake nufin as uku alhali ɗaya gare ni. A nan 5♠ ta tashi daga ƙaramar ƙarya ta koma babba.

Kartar da ke hannunka ma shaida ce. Idan abokinka ya yi tayin wani iri da kake shakkar ko na gaske ne ko na alama, kai kuma kana riƙe da shida daga cikinsa har da manyansu, da wuya a ce shi ma dogonsa gare shi. Haka idan abokan hamayya sun yi tayi sau biyu suna nuna ƙarfi, lissafin maki 40 zai gaya maka abokinka ba zai iya riƙe 17 ba.

Ba 4NT kaɗai ke da wannan halin ba. 4♣ na iya zama tambayar as ta tsarin Gerber, ko ganye na gaske, ko sanarwar cewa ganye ɗaya tak gare shi. Ninki na iya zama "za mu kayar da su" ko "zaɓi wani iri". Tsofaffin 'yan wasa suna da ƙa'idoji na ko-ta-kwana: tayin da ba a tattauna ba a ɗauke shi a zahirinsa, kuma idan kana shakkar ko an tilasta maka ci gaba, kada ka yi fas. Wani lokaci ƙa'idojin biyu sukan yi karo, kamar a hannuna. Idan suka yi, ta biyun nake bi.

Abin da ba a yarda ka dogara da shi ba

Wani zai ce, ai akwai wurin hira a manhajar, me zai hana ka tambaye shi? Haramun ne a dokar wasan. Doka ta 16 cikin dokokin da Hukumar Bridge ta Duniya ta fitar ta ce abin da za ka yi aiki da shi daga abokinka shi ne tayinsa da kartar da ya ajiye. Jinkirinsa, saurinsa, tsakinsa ko yamutsa fuskarsa ba naka ba ne. Idan ya daɗe yana tunani kafin ya ce 4NT, kuma jinkirin ya nuna maka wata fassara, doka ta hana ka zaɓar amsar da jinkirin ya nuna matuƙar akwai wata amsa mai ma'ana. A manyan gasa har allo ake gittawa a tsakiyar tebur don kada abokai su ga juna. An fara amfani da shi a gasar duniya ta Bermuda Bowl a 1975, kuma a gasar ce aka zargi wasu 'yan Italiya biyu da taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin tebur, har aka toshe ƙasan teburin ma.

A waya dai jinkiri ba ya ma da amana. Mu da netwok ɗinmu ke ɗaukewa ana tsaka da wasa mun san sakan talatin na iya zama zurfin tunani, na iya zama mutum ya fita tsakar gida neman sabis.

Abokan hamayya kuwa suna da haƙƙin sanin yarjejeniyarku. A Bridge Base Online kai kake rubuta bayanin tayinka, su su gani, abokinka bai gani ba. Idan aka tambaye ka ma'anar tayin da ba ku taɓa tattaunawa ba, gaskiyar ita ce ka ce babu yarjejeniya a kai. Hasashenka ba yarjejeniya ba ce.

Ita kwamfuta yaya take yi?

Kwamfutar da ke wasa a Bridge Base Online sunanta GIB, Matt Ginsberg ne ya rubuta ta a shekarun 1990. Tana da rumbun ƙa'idoji da ke ɗora wa kowane tayi ma'ana: maki kaza zuwa kaza, mashi aƙalla kaza. Idan za ta yanke shawara mai wuya sai ta raba kartar da ba ta gani ba sau da yawa a cikin ƙwaƙwalwarta, ta ajiye rabon da ya dace da tayin da aka yi, ta buga kowanne har ƙarshe, ta ɗauki matakin da ya fi kawo maki a jimlace. Kusan irin awon da muka yi a sama ne, sai dai ita fassara ɗaya tak ta sani, wato tata.

Wannan yana da daɗi ga mai koyo, domin idan ka taɓa tayin da ta yi, manhajar za ta nuna maka abin da take nufi, har ma da yadda za ta fahimci naka. Illarsa kuma ita ce ta yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ka yi tayi da wata ma'ana taka ta daban, sai ta gina duk lissafinta a kan hannun da ba ka da shi, ta kai ku silam ɗin da ba ya shiga, ba za ta taɓa cewa "anya kuwa?" ba.

Ko a 2022 da wani kamfanin Faransa, NukkAI, ya gwada ƙirƙirarriyar basirarsa mai suna NooK da zakarun duniya takwas a Paris, ta yi nasara a rukuni 67 cikin 80, amma ba a yi ciniki ba sam. An tsayar da kwangila ɗaya, 3NT, aka gwada buga karta kawai. Ɓangaren da ya ƙunshi fahimtar abin da wani ke nufi da kalma ɗaya, shi aka ajiye gefe.

Kafin a raba karta

Tun daga wannan daren, duk teburin da na zauna da baƙo sai na buɗe shafin bayanansa kafin komai. Sannan kafin rabon farko, lokacin da magana ta halatta, in tura layi ɗaya a wurin hira da ke tambayar abu uku: 1430 ko 3014, akwai Texas ko babu, kuma 4NT bayan an furta NT gayyata ce ko tambaya. Na ajiye layin a allon rubutun wayata yadda danna biyu ke fito da shi. Wasu sukan amsa, wasu su yi shiru. Wanda ya yi shiru, duk 4NT ɗin da ya yi bayan an ambaci wani iri, tambaya nake ɗaukarsa in ƙirga masa manyan kartata.